Wa Ke Da Jinin? Shari'ar Kisan Kai Daga Majalisar Sarki Zuwa Final Kod

Sunansa Tsofo Gubba, talaka ne daga ƙasar Gwandu, kuma da ba don fushin da ya kama shi wata rana ba, da babu takardar da za ta riƙe sunansa. Kwarton matarsa ya kashe. Aka kai shi majalisar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi, zamanin Sarki Yahaya, aka duba al'amarin bisa mazhabar Malikiyya kamar yadda aka saba, aka same shi da kisan ganganci, aka yanke masa hukuncin kisa. A wurin malaman majalisa maganar ba ta da wani ƙulli: ya ɗauki makami, ya nufi mutum, mutumin ya mutu, dangin mamaci kuma ba su yafe ba.

Amma ƙarar ta yi tafiya har ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma a shekarar 1947, inda jojin Turawa suka yi wata tambaya da ba a yi ba a Birnin Kebbi. Me ke cikin zuciyar mutumin nan sa'ad da ya kai sara? A dokarsu, wanda aka tsokana tsokana mai tsanani, ya yi kisa nan take kafin zuciyarsa ta huce, ba a rataye shi, ɗauri ake yi masa. Suka ce tunda laifin yana cikin kundin dokar gwamnati, da kundin ya kamata a yi masa hukunci. Suka soke hukuncin Gwandu. Da suka duba kuma suka ga doka ba ta ba su ikon musanya shi da wani hukunci mai sauƙi ba, sai al'amarin ya ƙare da sakin mutumin da kowa ya yarda ya yi kisa.

Sarakuna da alƙalan Arewa ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Abin da ya fi ci musu rai ba Tsofo Gubba ba ne, a'a, saƙon da ke bayan hukuncin: shari'ar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi da ita ta koma ƙarƙashin wani littafi da aka rubuta wa mutanen Ostareliya.

Kafin a fahimci wannan rikici sai an koma zauren alƙali na dā. Littattafan da ke gabansa sanannu ne ga duk wanda ya zauna a makarantar ilimi: Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim wadda aka fi dogara da ita wajen tsarin zaman shari'a. Bayan jihadi aka ƙara da rubuce-rubucen gida, irin su Liya'ul Hukkam wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a Kano da mutanen garin suka roƙe shi ya nuna musu yadda ake mulki. A waɗannan littattafai kisan kai ba laifi ne da aka yi wa sarki ba tun farko. Haƙƙi ne na waliyyan jini, wato dangin mamaci na wajen uba. Su ke kawo ƙara, su ke neman kisasi, su ne kuma ke da ikon su ce sun yafe, ko kyauta ko a kan diyya. Idan ɗaya daga cikin waɗanda ke matsayi guda ya yafe, takobi ya koma kube, sauran sai dai su karɓi rabonsu na diyya.

Malikiyya ta raba kisa gida biyu, ganganci da kuskure, ba ta buɗe ƙofa ta uku a tsakani ba kamar yadda wasu mazhabobi suka yi, in ban da mas'alar uba da ɗansa. Wanda ya bugi wani cikin faɗa da niyyar cutarwa, ko da sanda ce, in ran ya fita, ganganci ne. Wanda ya harbi barewa kibiya ta sami mutum, kuskure ne. Diyyar kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma ba a kan mai kisan kaɗai take ba. Danginsa ke tarawa, cikin shekara uku, shi kuma ya yi kaffara, 'yanta bawa ko azumin wata biyu a jere.

Uzurori akwai su, sai dai ba irin na Turawa ba. Yaron da bai balaga ba da mahaukaci, gangancinsu kuskure ake ɗaukarsa, diyya ta hau kan dangi. Wanda aka kawo wa hari ya kare kansa ko iyalinsa ko dukiyarsa ba shi da laifi, ko da yake an so ya fara yi wa maharin gargaɗi in da hali. Wanda ya sha giya da ganin damarsa ya yi kisa, mayen ba ya cetonsa. Wanda aka tilasta ya kashe wani, tilas ɗin ba ta wanke shi, don ransa bai fi na wanda ya kashe daraja ba. Fushi kuwa ba ya cikin jerin. Har mas'alar Tsofo Gubba kanta malamai sun tattauna ta tun zamanin sahabbai: mijin da ya ce ya tarar da wani da matarsa ya kashe shi, sai ya kawo shaidu huɗu, in ba haka ba kisasi ya hau kansa. Dalilinsu a fili yake. In aka karɓi wannan magana daga bakin mai kisa kaɗai, duk mai son halaka maƙiyinsa sai ya kira shi gida ya kashe, ya ce kwarto ne.

To ina sauƙin yake, in ba a duba fushi? Wurare biyu: a hannun dangi, da kuma a wahalar shaida. Ba a kashe mutum sai da iƙirarinsa, ko da shaidu biyu maza adalai da suka gani da ido, waɗanda aka yi musu tazkiyya, wato aka binciki halinsu a wurin waɗanda suka san su. Bayan sun faɗi abin da suka gani, alƙali ya juya ga wanda ake tuhuma ya yi masa i'izari, ya tambaye shi ko yana da abin da zai soki shaidun da shi. Duk wanda ya san yadda ake kisa, cikin dare ko a bayan gari, ya san samun adalai biyu da suka tsaya suna kallo ba ƙaramin abu ba ne.

Nan ne rantsuwar ƙasama ta shigo, kuma babu abin da ya ɗaure wa Razdan-Razdan kai kamarta. Asalinta daga Haibara ne, inda aka tsinci gawar wani sahabi, Abdullahi ɗan Sahlu, ba wanda ya ga makashinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba danginsa damar su yi rantsuwa hamsin, suka ƙi saboda ba su gani ba, daga ƙarshe ya biya diyyar da kansa. Malikiyya ta gina hukunci a kan wannan. Idan akwai alama mai ƙarfi wadda ba ta kai cikakkiyar shaida ba, abin da malamai ke kira lausu, sai a ce wa dangin mamaci su rantse sau hamsin cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Lausu na iya zama shaidar adali guda, ko a ga mutum tsaye kan gawa da jini a jikinsa, ko kuma mamacin ya faɗa kafin ya cika cewa jininsa na wuyan wane. Wannan na ƙarshe Malikiyya ce ta fi kowa riƙe shi, bisa tunanin cewa wanda ke bakin kabari ba ya so ya tafi da ƙarya. A kisan ganganci aƙalla maza biyu ne za su raba rantsuwar, kuma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ita ko da mutum goma ake zargi.

Bature na kallon wannan yana cewa: ta yaya mai ƙara zai zama shaidar kansa? Amma shi bai taɓa zama a garin da ake tsoron Alƙur'ani fiye da kurkuku ba. Mutum ya yi alwala ya tsaya gaban jama'a, ya maimaita rantsuwa sau ashirin da biyar a kan abin da bai gani ba, alhali ya yi imani rantsuwar ƙarya tana cin mai ita har da zuriyarsa, wannan ba wasa ba ne. Sau da yawa nauyin rantsuwar shi ke tura dangi su karɓi diyya.

Sarki ma ba a bar shi hannu rabbana ba. Wanda aka yafe wa kisan ganganci ba ya tafiya gida haka nan, ana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Akwai kuma kisan da dangi ba su da ikon yafewa: na ɗan fashi, da na gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai cetonsa a kashe don abin hannunsa. Waɗannan haƙƙin jama'a ne, aikin Hauni ne, mai sare kan waɗanda aka yanke wa hukunci.

Da Gwamna Lugga ya ci ƙasar bai rushe wannan tsari ba, domin ba shi da mutanen da za su maye gurbinsa. Dokokinsa na kotunan gargajiya, na 1900 da na 1906, sun bar alƙalai a kan buzayensu, sun hana yanke hannu da makamantansa, sun kuma ce ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai Gwamna ya sa hannu. Manyan sarakuna aka bar wa ikon sauraron shari'ar rai. Littattafan majalisar Sarkin Kano Abbas, waɗanda aka rubuta da Larabci, sun tsira har wani masanin tarihi ɗan Amurka, Allan Christelow, ya fassara wani sashe nasu na 1913 da 1914, kuma a ciki ana ganin shari'o'in jini gefe da gefe da na gona da na sata.

A ɗaya gefen kuma, tun 1904 Turawa suka kawo nasu kundin laifuffuka Arewa. Kwafe shi aka yi daga wanda Sir Samuel Griffith ya tsara wa jihar Kwinslan ta Ostareliya a 1899, daga baya a 1916 aka shimfiɗa shi a kan Najeriya duka. Shekaru da dama dokokin biyu suna zaune kamar kishiyoyin da ba sa shiga ɗakin juna. Gyaran da Gwamna Kamaru, wato Donald Cameron, ya yi a 1933 shi ya huda katangar, don ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan sarakuna zuwa na Turawa. Daga ranar nan, zuwan irin shari'ar Gubba lokaci kawai take jira.

Abin lura shi ne kowane ɓangare na ganin ɗayan a matsayin mai tsanani kuma mai sakaci a lokaci guda. Bature na mamakin a kashe mijin da kishi ya rufe wa ido, a kuma saki wanda ya shirya kisa da sanyin zuciya bayan shekara guda don kawai ƙanen mamaci ya karɓi shanu. Malami kuwa na mamakin yadda gwamnati za ta rataye mutumin da masu jini suka yafe wa, ta kuma hana su kisasi a inda suka nema. Kowace doka tana da ƙofar da tausayi ke shigowa, amma ƙofofin ba a bango ɗaya suke ba. Wanda aka yi wa shari'a da rabin wannan da rabin waccan yana iya samun ƙofa biyu a buɗe, ko ya tarar duka a rufe.

Shekara goma aka yi ana faci. A 1948 aka gyara doka aka mayar wa kotunan gargajiya ikon yin hukunci da Malikiyya, a 1951 aka sake taɓa ta. Sharaɗin da ya zauna shi ne kada hukuncin alƙali ya wuce iyakar abin da kundin gwamnati ya tanada wa irin wannan aiki. A shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, 1957, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta fassara sharaɗin da cewa dole a duba batun tsokana kafin a yanke kisa. Ma'ana, alƙalin da ya yi karatunsa a Muhtasar sai ya yi shari'a da littafinsa, sannan ya leƙa littafin da bai karanta ba, cikin harshen da ba ya ji, don ya san inda zai tsaya. A 1959 kuma, a shari'ar Guri da En'en Haɗeja, kotun ta soke hukuncin wani da aka tuhuma da fashi da kisa, saboda ba a ba shi damar kare kansa ba bayan shaidu sun yi magana.

Siyasa ce ta kawo ƙarshen facin. 'Yancin kai na ƙaratowa, Hukumar Willink da ta zagaya a 1957 da 1958 don jin koken ƙananan ƙabilu ta ji ƙorafi mai yawa a kan kotunan alƙalai. Cikin abin da aka fi ambata har da hukuncin Malikiyya cewa ba a yi wa Musulmi kisasi saboda wanda ba Musulmi ba sai a kisan gilla, da bambancin diyya tsakaninsu. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gane cewa ba za a ba Arewa mulkin kanta cikin kwanciyar hankali ba sai an warware wannan. Ta aika wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi ke yi, sannan a 1958 ta kira kwamitin masana shari'a. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat ne, Alƙalin Alƙalan Sudan. Tare da shi akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da 'yan gida uku: Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida.

Shawararsu ita ce a yi kundi guda da zai hau kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, a bar wa shari'ar Musulunci aure da gado da sauran ma'amala. Aka ɗauko na Sudan a matsayin samfur, shi kuwa na Sudan jikan na Indiya ne na 1860 wanda Lord Macaulay ya fara tsarawa. An zaɓe shi ne da hujjar cewa Musulmi masu yawa sun daɗe suna zaune a ƙarƙashinsa. Wani jami'in mulki da ya yi aiki a Sudan, S. S. Richardson, ya riƙe alƙalamin, malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka bi daftarin suna tambaya suna gyara. Majalisa ta amince a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana guda kafin a sauke tutar Ingila. Shi ne abin da bakin Bahaushe ya mayar Final Kod.

A cikinsa tambayar jojin Turawa ce ta yi nasara. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya kashe da niyya ko da sanin cewa aikinsa zai kai ga mutuwa. Sashe na 222 ya jero inda ba a kashewa: tsokana mai tsanani ta ba-zata, wuce iyaka wajen kare kai, faɗan da ya ɓarke nan take ba da shiri ba. Sashe na 51 ya wanke mai taɓin hankalin da bai san abin da yake yi ba, ƙa'idar da ta samo tushe daga shari'ar wani mutum mai suna M'Naghten da ya harbe sakataren Firayim Ministan Ingila a 1843. Yaron da bai kai shekara bakwai ba ba ya laifi sam. Ƙasama ta fita, mai ƙara ya zama gwamnati, dangin mamaci suka koma 'yan kallo ko shaidu. Abin da ya rage musu ɗan gurbi ne a dokar tsarin shari'a: kafin kotun gargajiya ta yanke kisa, ta kira su ta ji ra'ayinsu ta rubuta, don masu ba da shawarar afuwa su gani. Daga masu jini an mayar da su masu ba da shawara.

Aka kwashi alƙalai rukuni-rukuni zuwa Zariya ana koya musu sabon kundin, dattawan da suka haddace babukan fiƙihu suna koyon lambobin sashe. Sauran ikon sarakuna ma bai daɗe ba, domin dokar soja ta 1967 ta rushe kotunansu, ta mayar da na alƙalai kotunan yanki a hannun gwamnati. Shari'ar rai ta koma Babbar Kotu, gaban joji mai gashin doki a ka.

Shekara arba'in bayan amincewa da Final Kod sai tsohuwar tambayar ta dawo. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya yi shelar shari'a a Gusau, kundin Zamfara ya fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Kisasi da diyya da afuwar waliyyai suka koma cikin doka, amma wannan karon a jere cikin sassa masu lamba, da fasalin Final Kod ɗin da aka zo gyarawa, har da babin uzurori da aka ɗebo daga cikinsa. Hukuncin kisa na farko da aka zartar a ƙarƙashin sabon tsarin shi ne na Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari'a a Katsina ta samu da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ranar 3 ga Janairu 2002 aka zartar, ba da takobin Hauni a bakin kasuwa ba, da igiya, a gidan yarin Kaduna da Turawa suka gina.

Yau a jihohin nan kundi biyu ke aiki, kuma inda aka shigar da ƙara shi ke nuna ko dangi ne ke da jinin ko gwamnati. Yawancin shari'o'in kisa Babbar Kotu suke zuwa, gwamnoni kuma ba kasafai suke sa hannu a takardar rataya ba, don haka waɗanda aka yanke wa hukunci kan shekara da shekaru a kurkuku suna jira. A ƙauyuka kuwa, musamman tsakanin manoma da makiyaya, da kuma in mota ta kaɗe mutum, har yanzu dattawa kan zauna a yi maganar diyya ko yafiya tun kafin takarda ta isa kotu. Hukumomin zakka na wasu jihohi kan fitar da sanarwa bisa farashin zinariya na lokacin, lambobi uku a takarda guda: nisabin zakka dinari 20, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari, diyyar rai dinari 1,000, wanda ya kama kilo huɗu da kwata na zinariya.